Ranar da Babura Suka Tsaya wa Kawu Khiem

Shekara talatin da ɗaya Kawu Khiem yana aski a jikin katangar tsohuwar masaƙa da ke bakin titinmu a Hanoi. Kujera ɗaya, madubi rataye a ƙusa, sai akwatin kayan aiki da ya kusa girme ni. Bai taɓa yankar kowa ba. Amma duk unguwa ta san mutumin nan tsoron titi yake yi kamar ransa.

Yana da dalilinsa. Tun muna yara ake koya mana tsallaka titi: ka sa ƙafa, ka yi ta tafiya a hankali, ban da gudu, ban da tsayawa, kuma ko me ka gani kada ka ja da baya. Masu babura ne za su auna tafiyarka su kewaye ka. Shekara tara da suka wuce Kawu ya kai tsakiya, wata bas ta danna ham, ya ja baya taku ɗaya. Wani mai babur ɗauke da kejin agwagi kuwa ya riga ya ƙudurta cewa wurin nan babu kowa. Agwagin sun tsira, ƙugun Kawu ne ya karye. Wata huɗu ya yi a kwance, tun daga nan bai sake taka kwaltar da ƙafarsa ba. In biki ya kama a tsallake, ɗan acaɓa yake tarewa su je can shataletale su juyo, a sauke shi daidai inda yake hangowa daga kujerarsa.

Bara aka zo gyaran titin. Aka ware wa kekuna hanyarsu, aka ɗaga wurin tsallakawa aka yi masa farin zane, aka gina ɗan tsibiri a tsakiya, aka kafa danja. Jikin katangar Kawu kuma nan za a yi tashar bas mai gangara, saboda masu keken guragu. Masu ƙananan sana'a aka ba su wuri a tsallake, ƙarƙashin bishiyoyi.

Injiniyar da ke kula da aikin, wata matashiya mai suna Quyen, ita ta zo da kanta ta faɗa masa.

"Kawu, wurin da aka ba ka ya fi nan inuwa. Har da famfo."

"'Yata, inuwar tana can, ni ina nan."

Goggo Thoa mai shayin ƙanƙara tana haɗa kofunanta za ta ƙaura, ta ce, "Rabu da shi, 'yar nan. Mutumin da ke ɗora aska a wuyan manyan sojoji, amma in 'yar makaranta ta taho a babur sai ya nemi bayan madubi."

Kawu bai yi dariya ba. Washegari na je na zauna aski. Ya ce mini ƙasa-ƙasa, "In ban iya tsallakawa ba, na bar aski ke nan. Kuma ban san me mutum yake yi da hannuwansa a gida ba."

Ranar Litinin da safe na ɗaukar masa kujera. Madubi dai ya ce shi zai riƙe. Quyen ta danna maɓalli, danja ta yi ja, babura suka tsaya. Sun fi ɗari, sun jeru, tayoyinsu a bakin farin zanen, injuna suna gurnani, kowa fuska a rufe da ƙyalle sai idanu. Tun da aka haifi Kawu bai taɓa ganin titin nan ya tsaya ya zuba wa mutum ido ba.

"Me suke jira?"

"Kai suke jira, Kawu."

"Ni? Me na yi musu?"

Ya kafe a nan, lambobin da ke jikin danja suna ta raguwa har suka ƙare. Babura suka zabura. Sai a lokacin titin ya koma irin wanda jikinsa ya sani, ƙafarsa ta sauka kan kwalta tun kafin wani cikinmu ya ankara. Ba shi kaɗai ba ne, a makon farko rabin tsofaffin unguwa haka suka riƙa yi. Sai dai mai babur da aka tsare shi aka sake shi ba ya auna tafiyar kowa.

Na ji birki, na ji ham. Ina bakin titi, kujera tana kaina. Wani ya goge masa gwiwar hannu, wata mata a babur ta karkata har takalminta ya fita. Na ga dugadugansa sun ɗan yi jinkiri, irin na mai shirin komawa. Daga tsallake Goggo Thoa ta ɗaga murya: "Yaya Khiem, taho kawai. Ƙanƙarar shayinka tana narkewa." Ya ci gaba, madubi a ƙirji, ido a rufe ina jin, har ya taka tsibirin ya zube a kan siminti.

Rabin awa ya yi a wurin. Quyen ta zauna kusa da shi, ta ce ya faɗa mata abin da ya gani. Ya ce tayoyin sun matso har ƙwaurinsa. Ya ce lambobin nan da ƙugun saurayi aka auna su. Ta rubuta. Da danja ta sake yin ja, Goggo Thoa ta zo ta kama shi a hannu tana yi masa tsiya har suka fita.

Cikin mako biyu aka mayar da layin tsayawar babura baya taku biyar, aka ƙara wa masu ƙafa lokaci. Yanzu Kawu yana tsallakawa sau biyu a rana, in danja ta ba shi hannu. Tsoron dai yana nan, yakan iso fuska duk gumi. Mu kuma da muka san shi, in gemu za a gyara mana, ba ma zuwa sai ƙarfe tara ta wuce, tsoron tsallakawar ya sake shi kafin ya ɗora mana aska.