Kifin Katakon Baba Usman

Wata Alhamis cikin shekarun tis'in ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ya kamata ku ji ta. Lokacin ina aiki a wani ƙaramin jirgin haya a kudancin Jidda, muna fita da masu sha'awar kamun kifi. Mu uku ne: Rayyis Hamdan mai tuƙi, ni mai kula da fatsa, sai Garba, mutumin Yawuri, wanda bai daɗe da barin aikin sito a Madinar Masana'antu ya zo wurinmu ba.

Irin sun da muke yi ba na tsutsa ko nama ba ne. Koton ƙarya ake ɗaurawa, abu mai siffar ƙaramin kifi da ƙugiya a cikinsa, a sake shi bayan jirgi ana tafiya a hankali, manyan kifi irin dirak da bayad su biyo su cafka. Kowane mai su yana da koton da ya yarda da shi. Rayyis ba ya taɓa komai sai farin roba mai jan kai. Ni kuwa na ƙarfe nake so, mai kama da cokali, ko da ana yi mini tsiya cewa miya na zo sha.

Ranar mun ɗauki Baba Usman, dattijo haifaffen Jidda, iyayensa Hausawan Sudan. Shi nasa na katako ne, fentin duk ya kankare da haƙoran kifi. Ɗansa ne ya sassaƙa masa shi kafin Allah Ya yi masa rasuwa, kowa a jirgin ya san haka. Garba ya fi kowa sani, don Baba ne ya roƙar masa aikin wurin Rayyis.

Da hantsi muna bin gefen duwatsun murjani da ke cikin ruwa sai zaren Baba ya tsaya cak. Ba kifi ba ne, koton ne ya maƙale. Ƙa'idar aiki a nan ɗaya ce: a ja baya a gwada, in ya ƙi a yanke zaren. Muka gwada, ya ƙi. Na ɗauko wuƙa, na dubi fuskar tsohon, na kasa yankewa.

"Ga shi can ina gani, Baba," in ji Garba. "Ai kusa ne."

Kafin wani ya buɗe baki ya tuɓe riga ya faɗa ruwa.

Garba ba wawa ba ne, ɗan masunta ne gaba da baya. Amma a kogin da ya tashi ruwa ja ne, in ka ga ƙasa to ba zurfi. Bahar Maliya kuwa garau take, abin da kake gani kamar ka miƙa hannu ka ɗauka, sai ka nutsa numfashinka ya ƙare ba ka kai rabi ba. Duk mu 'yan kogi idonmu yakan yi mana wannan ƙarya a farkon zuwa.

Rayyis ya kashe inji, don ba a barin farfela na juyawa mutum na cikin ruwa. Nan take igiyar ruwa ta fara tura mu wajen duwatsu. Muna kallon Garba yana bin zaren yana ƙara ƙanƙancewa. Da ƙyar ya taso, jini na fita daga hancinsa.

"Yalla, hawo!" Rayyis ya daka masa tsawa.

"Saura kaɗan, wallahi na kusa taɓa shi," in ji Garba, ya sake kama zaren yana jan numfashi zai koma.

Na tsorata, don na san in ya koma a wannan hali da wuya ya dawo. Na kuma san muddin zaren nan na nan zai bi shi. Sai na ji an zare wuƙar daga hannuna. Baba Usman ne. Ya miƙa hannu ya yanke zaren daidai yatsun Garba.

"Khalas, ya waladi, ya isa haka, ɗana," ya ce. "Hawo. Ban zo da kai don in koma ni kaɗai ba."

Muka jawo shi, Rayyis ya tayar da inji muka tsira da ƙyar. Garba ya zauna yana kuka kamar shi ya yi asarar, yana ta cewa a yafe masa. Rayyis ya rantse sai ya kore shi, Baba ya ce in an kori Garba shi ma ya daina hawa jirgin. Aka bar maganar. Har muka iso gaɓa tsohon bai sake jefa fatsa ba, yana zaune da guntun zaren a hannu.

Abin da na koya shi ne, mutum ba ya zaɓar koto don kifi kawai, akwai abin da ya ɗaura a jikin koton wanda ba ka gani. Kada ku raina wa kowa nasa. Amma duk abin da aka jefa teku, an riga an yarda ana iya rasa shi, ban da mutum. Shi ya sa har na bar aiki, duk wanda ya miƙo mini koto ya ce ba ya iya rabuwa da shi, nakan ɗaura masa da kyau, sannan in ajiye wuƙa kusa da hannunsa, in ya maƙale ya yanke da kansa.