Sai da ya ji ko su wane ne ya janye wayarsa

Tun ɗazu na kasa zama wuri ɗaya, sai in tashi in leƙa waje in dawo.

Wani mutumin Rogo ne ya shigo shagona nan Karaye, ya miƙo waya in tura masa waƙoƙi. Ya tarar na saki wata a sifika. Ya tsaya yana gyaɗa kai, har da buga ƙafa.

"Maigida, sa min wannan. 'Yan Kano ne ko?"

Na ce a'a, samarinmu ne na Yammedi, sai da suka gama cirar gyaɗa suka shiga situdiyo.

Sai ya janye wayarsa. "Au, su ne mai sharhin nan na Facebook ya ce muryarsu kamar ana kiran awaki? Bar ta kawai."

Na ce, "Alhaji, yanzun nan fa kake taka rawa."

Ya ce, "Ai ban san ita ba ce."

Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai. Tunda aka yi sharhin nan aka daina kiransu wasan biki. Makaɗinsu har ya fara cigiyar mai sayen fiyanonsa. Shi kuwa mai sharhin yana can birni, ƙila ma ya manta ya rubuta.

Na rubuta masa martani na goge, na sake rubutawa na goge. Ba shi kaɗai nake jin haushinsa ba.

Jama'a, ku gaya min don Allah, yaushe muka fara zuwa aron kunne a Facebook?