Kwanon Baƙin Mai da Na Bari a Buɗe

Wata Laraba da la'asar, a bazarar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, ina tsugune a gindin darbejiyar gidanmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Kafin Hausa, ina tace baƙin mai da tsohon ɗankwalin Inna. Man yana zuba a hankali cikin wani fasasshen kwanon sha da aka liƙe, hannuwana sun yi baƙi ƙirin har gwiwa, ko rigar makaranta ban cire ba. Can gefe Wule, karsanarmu, tana ɗaure a turke tana kora ƙuda da wutsiya.

Mu asalinmu masu shanu ne, amma kafin in yi wayo garken ya ƙare. Ciwo ya ci wasu, sauran kuma mahaifina, Baffa, ya sayar ya sayi injin yankan itace, yana bin gonakin mutane har wajen Ringim yana sare musu busassun bishiyoyi. Wule kaɗai ya bari, don jikar saniyar da mahaifiyarsa ta ba shi ce. Kullum da safe sai ya shafa doronta ya ce, "Daga ke za mu sake tashi, in Allah ya yarda."

Shi kuwa injin nan, ban da fetur, sai an zuba masa man da ke jiƙa sarƙa da ƙarfen da take zagayawa a kai, in ba haka ba ta yi zafi, ta dakushe, ta fara hayaƙi. Baffa ya gwada sabon mai na kanti, ya ga ya fi ƙarfin aljihunsa. Ya gwada man gyaɗa, sarƙar ta daskare da danƙo bayan kwana biyu a ajiye, Inna kuma ta tsaya a ƙofar madafa ta ce, "Malam, miya zan yi ko inji zan ciyar?" Daga nan ya koma karɓo tsohon man da ake juyewa daga mota wurin wani bakanike a tasha, kyauta. Tacewa aikina ne, kamar yadda shara da ɗebo ruwa da bai wa awaki dusa suke nawa. Doka ɗaya ya kafa mini: "In kin gama ki rufe da faifai, ki ɗora dutse. Saniya ba ta ƙyale abin nan, lasa take kamar kanwa."

Ranar ban rufe ba. Ƙawayena suka leƙo ta kan danga suna kirana carafke, ni kuwa an cinye ni jiya ina neman ramuwa. Na ce yanzu zan dawo. Wallahi ko zagaye uku ba mu yi ba. Da na shigo na tarar Wule ta tsinke igiya, bakinta ya yi baƙi, kwanon tas kamar an wanke. Na goge mata baki da ɗankwalin, na mayar da ita turke, na kife kwanon a bayan rumbu, ban gaya wa kowa ba.

Kwana biyu tana lafiya, har na fara sakin jiki. A na uku ta daina gani. Sai ta riƙa tafiya tana buga kai da katanga, tana cizon haƙora, yawu na zuba. Aka ɗura mata jiƙo, aka kira mai duba dabbobi, bai yi amfani ba. Baffa ya buɗe bakinta ya shinshina, sannan ya dubi kwanon da na kife a bayan rumbu, ya dube ni. Ya hana a yanka ta don kada wani ya ci naman, da ta mutu aka ja ta bayan gari aka binne. Ban yi kuka ba. Na ci tuwona, washegari na tafi makaranta na yi layi na rera abin da ake rerawa. Na yi ta jiran duka ko faɗa, ba su zo ba, kuma tun daga ranar ji nake kamar jikina ba nawa ba ne in an yi zancen shanu. Ba a ƙara kafa turke a gidanmu ba.

Yanzu ina aikin gwamnati a Dutse. Baffa ya tsufa, injin yana rataye a zaure, sai dai lokaci-lokaci ya sauke shi ya goge. Bara na ga man sarƙa na ainihi a wani shago, garai-garai, mai yauƙi kamar zuma, a gora mai murfi. Na saya na kai masa. Ya buɗe ya shinshina, ya daɗe yana juya murfin a hannunsa, sannan ya ce, "Da irin wannan na saya tun farko, da ban ɗora wa yarinya tsaron kwano ba."

Ashe duk shekarun nan ni da shi kowa kansa yake tuhuma. Na zauna kusa da shi na riƙe masa sarƙar yana ɗiga man, har aka kira la'asar.