Shaidar da Na Hana Mode

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Rabi'ul Awwal na shekara ta 1348, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Muhammadu Mode ɗan Siddiƙu baduku, duba-garin shiyarmu a nan birnin Sakkwato, bayan jinyar kwana tara da ciwon ƙirji. Ina zaure tare da masu ɗaukar karatu wani ya leƙo ya ce, "Malam, Sarkin Sauro ya cika." Kowa ya yi salati. Ni kuwa na sunkuyar da kai, domin ko a ranar mutuwarka, Mode, ba a kira ka da sunan da mahaifinka ya yanka maka rago ba, sai da wanda ni na laƙaba maka don ba'a.

Mode, na daɗe ina rubuta wa malamai da attajirai ta'aziyya, alƙalamina bai taɓa yi mini nauyi kamar yau ba. Shekara bakwai ke nan da ka fara zagaya shiyarmu da ludayi da gwangwanin kananzir. Kafin nan ka yi aiki a asibitin Nasara, kana wanke wa likita kwalabe, kana buɗe ido da kunne. Ba ka da tsawa irin ta masu aikin hukuma. Tsohuwa Hadiza mai ƙosai ta sha ba da labarin ranar da ka sami tsutsa a randarta. Ta ɗauka ƙara za ka kai ta, sai ka tuɓe riga ka wanke randar, ka je rijiya ka cika mata ita, ka saƙa mata murfi na kaba. Rabin yaran shiya kuwa sun san ɗacin kwinin, maganin zazzaɓi, daga hannunka, sun kuma san dabinon da kake ba su a bayansa.

Abin da ya haɗa ni da kai kududdufin bayan gidana ne. Daga nan mahaifina ya haƙi ƙasar da ya gina zaurenmu, daga nan muke ɗibar ta yaɓe kowace shekara. Ka zo da damina, ka durƙusa ka gaishe ni, ka ɗebo ruwan a ludayi ka nuna mini wasu 'yan tsutsotsi kwance a samansa. Ka ce, "Allah shi gafarta Malam, waɗanga su ka zama sauro. In ya ciji mai zazzaɓi ya koma ya ciji mai lahiya, ya kai mai cutar ke nan. A bari in zuba kananzir, in rani ya yi a cike ramin."

Na yi dariya har da riƙe gemu. Mu da muka gaji sanin cewa zazzaɓin damina daga sabon hatsi da raɓa yake, yau ɗan baduku zai karantar da mu? Na ce a gaban jama'a, tun da ka san sauro da 'ya'yansa da gidajensu, to, mun naɗa ka Sarkin Sauro. Kafin Juma'a sunan ya kai kasuwa. Na san harshena yana da kaifi, a lokacin ma alfahari nake yi da shi.

Damina biyu bayan haka zazzaɓi ya kama 'yata Sakinatu, tana da shekara shida. Yau jiki zafi kamar garwashi, gobe ta tashi ta yi wasa, jibi sanyi ya rufe ta har haƙora na haɗuwa. Na yi mata rubutu, uwarta Kulu ta dafa sabara, aka yi turare. Rana ta biyar ta fara jijjiga, idanu suka juye. Kulu ta dube ni ta ce, "Malam, ko ka kira Mode, ko in yafa zane in tahi da kaina." Na aika a kira ka. Amma don kada masu karatu su gan ka, na ce ka biyo ta ƙofar baya, wadda ake fitar da shara. Ka biyo ta nan ɗin, ka wuce ta bakin kududdufin, ba ka ko dube shi ba.

Ka taɓa cikinta ta hagu ka ce saifa ta kumbura. Ka soki yatsarta, ka shafa ɗigon jini a ɗan gilashi, ka jiƙa kwinin ka ɗura mata da haƙuri, tana tofarwa kana sakewa. Ka gargaɗe mu cewa kunnuwanta za su yi ƙara, kada mu tsorata. Ka ce ko zazzaɓin ya sauka kada a daina ba ta sai kwanakin sun cika, domin abin yana laɓewa ne ya dawo. Ka kawo gidan sauronka na kanka ka ɗaura mata, ka ce a sa ta ciki tun magariba.

Washegari ka roƙi likita ya bar ni in leƙa madubinsa, wanda ke girmama ƙanƙanin abu. Na tafi ina waige-waige kamar mai zuwa gidan boka. Na sa ido na ga jinin 'yata ya zama ƙwayoyi birjik, a cikin wasunsu kuma ga wani abu kamar ɗan zobe. Ka ce, "Wanga shi na, Malam. Halitta ce mai rai, jini taka ci. In ta hayayyafa sai ta fasa ƙwayar jinin ta fito, sa'annan ne sanyi ka kama yarinya. Shi ya sa yaka zuwa yana komawa." Na yi tasbihi, domin na ga halittar Ubangiji wadda ban taɓa cin karo da ita a littafi ba. Gani ya kori ji. Tun a ɗakin nan na san gaskiyarka ce, na kuma san daga ina sauron da ya ciji 'yata ya taso.

Sakinatu ta warke. Jama'a suka cika zaure suna barka, suna cewa rubutun Malam ba ya faɗuwa ƙasa banza. Kana zaune a bakin ƙofa wajen takalma. Kalma ɗaya ta ishe ni, ban faɗe ta ba. Na dube ka, ka dube ni, sai ka ce, "Allah shi ka warkarwa," ka tashi ka ɗauki ludayinka. Ban fasa gaskata addu'a ba, har gobe. Amma na fi kowa sanin cewa an umurce mu da neman magani, kuma ɓoye shaida zunubi ne. Sau nawa na karantar da wannan a zauren nan?

Da a nan abin ya tsaya, da kunyar tawa ce ni kaɗai. Da damina ta zagayo, zazzaɓi ya kama Ɗahiru, ɗan maƙwabcina Tambari mai sayar da gero, yaron da suke wasan ƙasa da Sakinatu. Ka je da kwinin har sau uku, Tambari ya mayar da kai. Ya ce ɗiyar Malam ta tashi ba da maganin Nasara ba, shi ma rubutu zai karɓa. Ya zo, na rubuta masa. Na ce a raina gobe zan ja shi gefe in gaya masa. Goben ba ta zo ba sai da na tsaya a gaban gawar yaron ina masa salla. Ajali na Allah ne, na sani. Amma shiruna nawa ne, ba wanda zan jingina wa shi.

A maƙabarta ka tsaya kusa da ni. Na jira ka yi magana, ko da ta ido ce. Ba ka yi ba, ranar nan ko bayanta. Shekara huɗu kana rufa mini asiri, ina ji yara na bin ka da sunan da na sa maka, kana gaishe ni a durƙushe. Kowace damina kuma, idan na tafi masallacin Juma'a, sai in dawo in ji warin kananzir a bayan gida, in yi kamar hancina ya toshe. Da na ji ba ka da lafiya na ce sai ka ɗan samu sauƙi in je in nemi gafararka a natse. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi har ka tafi.

Jiya da hantsi na shiga rumfar Tambari na gaya masa kome, tun daga ƙofar baya har madubin likita. Ya daɗe yana juya mudu a hannunsa. Sannan ya ce, "Da ka hwaɗi, Malam. Da ka hwaɗi, da na ba shi." Daga can na sa aka fara zuba ƙasa a kududdufin, ni na zuba kwandon farko.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Muhammadu Mode, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya jikin 'ya'yanmu. Ka rufa masa asiri ranar tonon asiri, kamar yadda ya rufa wa wanda bai cancanta ba. Ka jiƙan Ɗahiru, ka ba mahaifinsa ladan haƙuri. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa Mariyatu, da ɗansa Lawwali, da 'yarsa Sadiyatu, da dukan zuriyar Siddiƙu baduku. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya albarkaci bayansa. Idan kun iya, ku yafe mini a madadinsa.

Na roƙi a karanta wannan takarda ranar addu'ar bakwai, a zaurena, a gaban mutanen da suka yi mini barka. Duk wanda ɗansa ya kwanta da zazzaɓi, ya yi addu'a, ya kuma nemi kwinin ya ba shi har kwanakin su cika, domin da shi Allah ya tashi Sakinatu. Wancan suna kuma ni na sa shi, na janye shi. Sunansa Muhammadu Mode, shi za ku ambata idan kuna yi masa addu'a.