Jan Zanen Asabe

Duk wanda ya zauna a Gyadi-Gyadi tun unguwar ba ta gama rabuwa da gonaki ba, ya san Ɗan'azumi tela. Rumfarsa na bakin titi, keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, sai baki da ya fi keken gudu. Ya iya ɗinki, wannan ba mai ja. Matsalar ita ce shi ma ya san ya iya. Daga wani ƙauye na wajen Kura ya zo da matarsa Asabe, kuma tun zuwansa yake cewa hannunsa ya fi ƙarfin wandon 'yan makaranta, wata rana sai Kano kaf ta ga aikinsa. Mutane su ce Allah ya nuna mana, su karɓi wandonsu su yi gaba.

A shekarar 1977 ranar ta zo, da ƙafarta. Malam Shehu, wani malamin firamare a Tarauni mai ƙungiyar wasan kwaikwayo, ya zauna a bencin ya ce gidan talabijin ya yarda ya ɗauki wasansu. Tsohuwar tatsuniya ce suka mayar wasa mai waƙe-waƙe, da kalangu da 'yan amshi: marainiyar da 'yar ruwa ta ba jan zane, ta shiga dandali cikin 'yan mata, ɗan sarki ya tsince ta da zanen nan. Ana son tela.

Ɗan'azumi bai taɓa zama gaban talabijin ba. Amma ya sha kallon fim a silima, ya ga yadda ja ke ci kamar wuta a jikin allo, don haka a ganinsa ba abin da za a koya masa. Ya ɗinka wa sauran 'yan matan shuɗi da kore. Ja ne ya gagara. Ya zaga Kantin Kwari sau uku, duk wanda aka warware masa sai ya taɓe baki ya ce wannan ba daga ruwa ya fito ba.

Alhali yana da wanda yake nufi. A ƙasan adakar Asabe akwai zanen saƙi na jan alharini, na mahaifiyarta, shi kaɗai ya rage mata daga tsohuwar. Ba ta ɗaura shi. Sau ɗaya a shekara take fito da shi ya sha iska, ta shinshina, ta ninke ta mayar.

Kwana huɗu yana yi mata naci. Rana ta biyar ta miƙo masa da hannu biyu.

"Malam, ga shi. A ɗaura, a dawo mini da shi. Don Allah kada almakashi ya taɓa shi."

"Haba Asabe, ni za ki gaya wa darajar zane? Ke dai ki jira, Kano duk za ta ga zanen Inna."

Da aka gwada wa yarinyar da za ta fito a marainiya, zanen ya yi mata yawa, kuma rigar da ke samansa ta kashe shi. Wani telan zai ninke ya soke da allura, a wuce wurin. Ɗan'azumi kuwa ya tsaya yana kallo, sai ya hango riga da ɗankwali a cikin zanen, abin da ba wanda ya taɓa gani. Ya ce a ransa in Asabe ta ga kyan da ya yi, da kanta za ta yafe. Ya sa almakashi.

Ta ji labari kafin ya iso gida, don a unguwa magana ba ta kwana. Ta ajiye masa tuwo kamar kullum. Shi ya cika gidan da surutu: ta bari dai ta gani, ta bari dai.

Ranar da za a nuna wasan, bayan sallar magariba, Alhaji Garba na Tarauni ya sa aka fito da talabijin ɗinsa tsakar gida. Maza a gaba kan tabarmi, mata a baya wajen ƙofar ɗaki. Ɗan'azumi ya zauna a sahun farko da sabuwar hula, ya riga ya gaya wa kowa abin da zai gani.

Aka kunna. Fari da baƙi.

Ya ɗauka akwatin ne bai yi zafi ba. Ya tambayi Alhaji yaushe launin zai zo, Alhaji ya yi dariya ya ce ai haka talabijin take. Kalangu ya tashi, 'yan mata suka shigo dandali, 'yan amshi na ta waƙar jan zane, jan zane. Shuɗin da koren da alharinin duk sun zama toka-toka, kamar an wanke su a ruwa ɗaya. Ɗan sarki ya nuna wata, mutane suka yi tafi. Ba wanda ya damu. Da buhun gari aka ɗaura mata ma haka za su tafa.

Sai ya ji muryar Hajiya, matar Alhaji, daga baya: "Asabe, wanne ne zanen naki?"

Asabe ta ƙura wa akwatin ido.

"Wallahi Hajiya, ban gane shi ba."

Malam Shehu ya dawo da kayan da godiya mai yawa. Ɗan'azumi ya farke rigar da ɗankwalin, ya harhaɗa guntayen da hannu, ɗinki mafi kyau da ya taɓa yi a rayuwarsa, amma saƙi in an yanka ya yanku. Asabe ta karɓa, ta ce sannu da aiki, ta sa a adaka. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi, wallahi da ya samu abin cewa.

Ya ci gaba da ɗinkin wandon 'yan makaranta, bakin nan ya ragu sosai. Abin da ya fi cin ransa ba dariyar unguwa ba ce, wannan ta wuce cikin mako guda. Shekara ta zagayo, lokacin shanya zanen ya yi, ya riƙa dawowa gida da rana ba dalili yana duban igiya. Asabe ba ta ƙara fito da shi ba.