Gahawar Baba a Turmin Daddawa

Akwai wata safiya da ba za ta taɓa fita daga raina ba, safiyar da aka lalata gahawar mahaifina ina tsaye ina kallo. Furfura ta cika mini gemu yanzu, amma duk ranar da abin ya faɗo mini sai in ji zuciyata na tafasa kamar jiya aka yi.

Mahaifina malamin allo ne a Kusada, yana kuma noma a Dudunni. Duk kaka, idan wake ya isa roro, sai mu tare a gona kwana biyar ko shida, mu kafa bukkar kara a gindin tsamiya tare da 'yan ƙwadago. Abinci kowa ma ya dafa, amma gahawa shi kaɗai ke taɓa ta. Alhazai ke kawo masa ɗanyun 'ya'yanta tsaraba. Sai ya soya a kasko bisa garwashi, ya daka a ɗan turminsa na tagulla da citta da kanumfari, ya tafasa, ya bari ta kwanta. Babu sukari, sai dabino. Kuma ba ya kai kofi baki sai amininsa ya iso, wani dattijo daga ƙauyen Boko da suka yi karatu tare tun ƙuruciya.

Wata damina Allah ya yi wa Baba rasuwa. A gwangwaninsa na tarar da ragowar gahawar, ba ta wuce cikin tafin hannu ɗaya ba. Ranar sadakar bakwai dattijon nan ya riƙe hannuna, idanunsa duk sun dushe, ya ce, "Ɗana, ba ni son riga, ba ni son littafi. In kun tare gona ka dafa mani wagga ta ƙarshe, in sha inda muka saba." Na yi masa alkawari.

Da kaka ta zo muka tare. Kwana na uku sai ga yayan matata a kan babur daga Kankiya, wai ya zo gaishe mu. Ma'aikaci ne a sakatariya, irin mutanen nan da ko haihuwa ake zance sai sun ce sun fi unguwar zoma sani. Ya kwana tare da mu, ya kushe bukka, ya kushe tabarma, ya kushe tuwo bayan ya cinye malmala uku.

Washegari da hantsi dattijon ya iso a kan jaki, shi kaɗai, jakin ne ma ya san hanya. Na shimfiɗa masa buzun Baba, na hura garwashi, na fara suya a hankali yadda na sha gani. Da ƙamshi ya tashi sai tsohon ya ɗaga kai yana shaƙa, ya ce, "Ita ce. Wallahi ita ce."

Na sauke kasko, na jawo ɗan turmin tagulla. Nan yayan matata ya taso yana dariya.

"Mi za ka yi da wanga abin wasan yara? Sai azahar ba ka gama ba. Kawo nan, ni da na sha kofi a Kaduna har ya gundure ni."

Kafin in ce uffan ya sure kaskon, ya nufi babban turmin da matar da ke yi wa 'yan ƙwadago girki ta daka daddawa da barkono jiya. Na san ba a wanke shi ba, don ni na jingine shi da hannuna. Tsakaninsa da turmin taku biyar ne, kuma taku biyar sun ishi mutum ya yi magana. Na buɗe baki, sai na tuna yayan matata ne, ga mutane suna kallo, kada a ce ba ni da ta ido. Na ce, "Yaya..." a hankali, na haɗiye sauran. Ya juye, ya kama taɓarya.

Na dafa ta haka nan. Warin daddawa ya danne komai. Shi kansa yayan matata da ya ɗanɗana sai da ya yi tari, amma maimakon ya ji kunya, sai ya ce, "Ai dama ta tsufa, ta sha iska. Sukari take so." Ya kwance ƙullin sukarin kokonmu ya zazzaga a butar gahawar. Ka ji mutum! Ya kashe, ya kuma tsaya yana ba gawa laifi.

Na miƙa wa dattijon kofin don ba ni da abin da zan miƙa masa bayan shi. Ya kurɓa sau ɗaya, ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya lalubo hannuna ya mayar mini da kofin, ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Ka yi ƙoƙari." Ya shafa buzun, sannan ya ce a kama masa ya hau jakinsa.

Na yi niyyar in alhazai sun dawo in nemi wata in kai masa har gida, ko da ba ta Baba ba ce. Bai kai lokacin ba. Shi kuwa yayan matata har yau yana ba da labari a majalisa, wai shi ya koya mini dafa kofi a daji.

Na daɗe ina jin haushinsa, kuma ban daina ba. Amma da girma ya zo na gane rabin haushin nawa ne. Shi halinsa ya yi, ni aka ba amana. Abin da na koya shi ne, kara tana da kyau a kan abin da yake naka, amma in alkawarin wani ne a hannunka, shiru ba ladabi ba ne. Na ji kunyar mai ido, na tozarta makaho.