Jar Fitila a Motar Suruki

Gyangyaɗi ake ce masa a gareji, don in yana bin waya da yatsu lumshe ido yake, ka rantse barci ne. Mai wayarin ne, ya tsufa kwance a ƙarƙashin sitiyarin mutane, kai a ciki ƙafafu a waje. Can ƙarƙashi duniya shiru take. Wayoyi ja da kore da shuɗi suna gilmawa ta kansa, shi kuwa ya yi ta bin su a zuci kamar titunan garin da bai taɓa zuwa ba, har shayinsa ya huce.

Abu ɗaya ke hana shi mafarki, fitilar jakar iska, jakar nan da ke kumbura ta kare mutum in an yi haɗari. In ta kama a tsohuwar mota ta ƙi mutuwa, to ranar karo jakar ba za ta buɗe ba. Wasu abokan sana'a, Allah ya shirye su, cire ƙwan suke, ko su manna baƙin salatif a kai, mai mota ya tafi yana zuba godiya. Wai an warke!

Wata safiya sai ga surukinsa, mijin autarsa, ya taso daga garinsu da tsohuwar motarsa, fitilar nan ja jawur. An gaisa, surukin ya ce, "Baba, ko a rufe ta kawai? Ai motar lafiya take tafiya."

"A rufe? 'Yata ce ke zama a gaban nan. Ba ni makulli."

Tsoro ne ya kama shi, na gaske. Autar nan ita kaɗai ta rage masa. Aurenta ya daɗe ba haihuwa, har ya daina tambaya, sai addu'a.

Ya jona na'urar gano laifin mota, ta nuna gefen fasinja. Ya cire kan batir, ya zauna ya jira wuta ta lafa, don jakar iska ba ta son garaje. Ya duba fiyus, lafiya. Sannan ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ya lumshe ido. Ƙura, murfin biro, ɗan kunnen autar guda da ya ɓata, har ƙamshin turarenta. Ya tuna ta tana ƙarama, ta hau kujerar motar mutane tana tuƙi da baki. Can yatsansa ya taɓa soket mai ruwan ɗorawa. Ashe soket ɗin ya zame, wayar ta miƙe tsam kamar za ta tsinke.

Ya fito da kai. "Kai yaro, wa ke tura kujerar nan baya har ƙarshe? Turawar ce ta fizge soket. Auta 'yar guntuwa ce, gaba take jawo ta."

Surukin ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. "Ita ce, Baba. Kwanan nan gaban ya yi mata kaɗan. Bel ɗin kujera ma da ƙyar yake zagaye ta."

Gyangyaɗi ya buɗe ido tar. Ya koma ƙarƙashin kujera. Ya goge soket, ya danna shi ya ce ƙas, ya sassauta wa wayar hanya, ya ɗaure ta. Aikin ya ƙare tuntuni, amma ƙafafun nan ba su motsa ba. Kuka yake, na murna, hawaye na gangara masa cikin kunne.

Da ya fito ya mayar da batir, ya share laifin a na'ura, ya ce a tayar. Fitilar ta kama, ta ɗan jima, ta mutu.

"Ta yi, Baba," in ji surukin.

"Kashe ka sake tayarwa," ya ce. "Mutum biyu zan ɗora a kujerar nan."